Ayarin Dokin Ƙarfe

 

Abin da na ɗauko muku a daren nan wani al'amari ne wanda na tabbata da dama daga cikinku, da zarar sun ji shi, za su yi murmushi su ce lalle yau mai sharhin nan ya rasa abin faɗi, domin kuwa magana ce a kan mutanen da Allah ya hore musu kuɗin mota, wasunsu ma har da na jirgi, amma suka ga ba abin da ya fi musu daɗi illa su ɗaure tabarma da tukunya a bayan keke, su haɗu su uku ko su biyar, su kama hanya kwana da kwanaki, inda rana ta faɗi musu nan ne masauki. Dattawanmu suna tuna zamanin da sabon keken Rali, da ƙararrawarsa da fitilarsa, yakan sa a duƙa a gai da saurayi a dandali. Wannan zamani ya shuɗe. Yau keke abin hawan wanda bai kai ga babur ba ne, in kuwa mutum ya ce zai tafi Damagaram a kansa alhali ga tasha nan cike da motoci, tambayar farko da za a yi masa ita ce ko lafiya.

Wannan ɗabi'a tana da asali, asalinta kuwa Ingila. Keken da Turawa suke yayi a da wani dogon abu ne mai ƙatuwar ƙafa a gaba da 'yar mitsitsiya a baya, wanda hawansa sai da dabara, faɗowa daga kansa kuwa sai an nemi maɗori. Sai a shekarar 1885 wani maƙeri a birnin Coventry, John Kemp Starley, ya fito da keke mai sarƙa mai juya ƙafar baya, watau kakan wanda muke hawa yau; bayan shekara uku kuma, a 1888, wani likitan dabbobi a Belfast mai suna Dunlop ya sa wa keke taya mai iska. Da waɗannan biyu suka haɗu, sai hanya ta buɗe ga akawu da yaron kanti da ma'aikacin masaƙa, waɗanda ba su taɓa mallakar doki ba, su ma su fita daga hayaƙin birni su ga abin da ke bayan gari.

Amma wanda ya ɗaura auren keke da kwanan daji har abin ya bi jama'a, tela ne, sunansa Thomas Hiram Holding. Yana ɗan shekara 9, a 1853, iyayensa suka ratsa filayen Amurka da shi cikin ayarin amalanke, ana kwana a sarari, wannan ɗanɗano kuwa bai bar bakinsa ba har ya manyanta. Da yake allura da almakashi ne sana'arsa, sai ya zauna ya yanka ya ɗinka wata 'yar hema marar nauyi wadda za a naɗe a ɗaure a jikin keke, a 1897 su huɗu suka tafi suka jarraba ta a Connemara, yammacin ƙasar Ailan, wurin duwatsu da yawan ruwan sama. Ya komo ya wallafa littafi a kan tafiyar, a 1901 kuma aka kafa jam'iyyar masu kwanan daji da keke da mutum 13 kacal, wadda har gobe tana nan da wani suna, mutanenta kuwa sun kai dubban ɗaruruwa. Ina jin daɗin cewa tela ne ya fara, domin tela ya san nauyin kowane kamu na yadi, wanda ya taɓa hawan tudu da kaya a bayan keke kuwa ya san duk abin da hannu ya ɗora, cinya ce ke biyan kuɗinsa.

Ba Turawa kaɗai suka yi ba. A watan Oktoba na 1923 wasu samari shida, abokan juna ne a wata ƙungiyar motsa jiki ta birnin Bombay a ƙasar Hindu, suka hau kekunansu da niyyar kewaya duniya. Suka bi ta Farisa da ƙasashen Larabawa da Turai da Amurka da Japan da Sin, ba su komo gida ba sai a watan Maris na 1928, bayan sun yi tafiyar mil 44,000. To, amma ga abin da nake so mai sauraro ya riƙe: shida suka fita, uku suka kammala, watau Adi Hakim da Jal Bapasola da Rustom Bhumgara. Ɗaya ya juya tun daga Tehran, ɗaya ya yi zamansa a Amurka, ɗaya kuma ya koma gida kafin a gama. Duk wanda ya ba da labarin irin wannan tafiya yakan cika mana kunne da lissafin mil da tsawon duwatsu, alhali babbar mas'alar tana cikin wancan ƙaramin lissafi na shida da uku. Keke ba ya fushi, ba ya gori, ba ya ƙin wanke tukunya. In ya lalace, sifana da sholisho sun ishe shi. Mutumin da ke kansa shi ne abin da ba a samun kayan gyaransa a kasuwa.

Malamanmu sun riga mu gane wannan. Masana lugga suna cewa an kira tafiya safar da Larabci ne saboda tana yaye lulluɓin halayen mutane. An kuma ruwaito cewa wani ya zo gaban Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, yana shaidar wani mutum da kirki, sai Halifa ya bincike shi ko maƙwabcinsa ne, ko ya taɓa yin tafiya da shi, ko kuɗi sun taɓa shiga tsakaninsu. Da ya ce babu ko ɗaya, sai aka nuna masa ashe bai san mutumin ba. Tafiyar keke da abokai kuwa ta tara ukun nan a buhu guda, gama a cikinta za ku yi maƙwabtaka cikin hemar da ba ta wuce faɗin tabarma biyu ba, ku yi tafiya, ku kuma ci daga asusu ɗaya.

Ba ji na yi ba, gani na yi. Shekarun baya, muna samari, mu biyar muka ƙulla shawarar tafiya daga Kano zuwa Damagaram, kimanin kilomita 240, a hutun ƙarshen shekara. Muka yi guzurin ƙuli-ƙuli da dabino da garin rogo da sukari da ganyen shayi, muka ari wata tsohuwar hema, kowa ya ɗaure bargonsa da butarsa a kariya. Komai mun lissafa ban da abu biyu. Na farko iska: mun manta cewa iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, mu kuwa arewa muka nufa, saboda haka tun daga hantsi ta tare mu a ƙirji kamar mai bin bashi, ana taka feda ana jin kamar ana hawan tudun da ido ba ya gani. Na biyu, ba mu naɗa shugaba ba, don muna ganin abokai ne mu, sa'o'in juna, wa zai ba wani umarni?

A cikinmu akwai wani ƙaƙƙarfa, ɗan ƙwallo, wanda tun kafin mu kai Dambatta ya gaji da jiranmu ya yi gaba abinsa, har muka daina hango ƙurarsa. Akwai kuma autanmu, siriri marar ƙwari, wanda yake can baya. Wata babbar mota ta taho a guje, auta ya kauce mata ya sauka daga kwalta, ya faɗa cikin tsidau, wannan 'yar ƙayar mai kan ƙaho wadda duk mai keke a ƙasar Hausa ya san sharrinta, nan take tayoyinsa biyu suka sace. Muka juyo muka same shi, muka ce a kawo kayan faci. Sai muka dubi juna. Famfo da sholisho da robar faci duk suna jakar ƙaƙƙarfan nan, shi kuwa yana can gaba, wataƙila a gindin wata bishiya yana cin dabino yana mamakin lalacinmu. Haka muka tura kekuna a ƙasa, cikin ƙura da zafin rai, har bayan la'asar, da muka cim masa kuwa kalmomin da aka yi musaya ba na gidan rediyo ba ne.

A daren nan, bayan an ci abinci ciki ya ɗauka, wani daga cikinmu, almajiri ne mai karatun littattafan fiƙihu a zaure, shi muke kira Alaramma don tsokana, ya tunatar da mu cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni idan mutum uku suka fita tafiya su shugabantar da ɗayansu. Muka yi shiru, domin dukanmu mun san hadisin, ba wanda ya taɓa zaton ya shafi masu keke. Sa'an nan aka tuna da fatake. Kakanninmu da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro, wata da watanni a hanya har kasuwar Salaga, ba su taɓa fita kara-zube ba: ga madugu mai yanke shawarar tashi da sauka, ga jagaba a gaba wanda ba a wuce shi, ga uban dawaki mai tara kuɗin fito da na gaisuwar sarakunan hanya. Da wannan nizami ne suka kai inda suka kai, har unguwannin da suka sauka a Kumasi da Ankara ake kiransu Zango har yau. Mu kuwa, 'yan boko biyar da kekuna biyar, mun kasa kai Kazaure lafiya.

Saboda haka muka yi shura muka naɗa madugu, kuma ba mafi ƙarfinmu muka zaɓa ba, wanda ya fi mu sanyin zuciya muka ɗauka, mutumin da ko an taka shi sai ya ba da haƙuri. Hukuncinsa na farko shi ne ƙaƙƙarfan nan ya koma ƙarshen sahu, famfo da kayan faci da tukunya duk a wuyansa, kuma haramun ne ya wuce kowa, ta yadda duk wanda tayarsa ta sace, magani yana tafe a bayansa. Na biyu, auta ya shiga tsakiya, a rage masa kaya, kuma da takunsa za a auna tafiyar ayari. Na uku, mu sauran mu riƙa karɓa-karɓa a gaba, gama wanda ke gaba shi ke tsaga iska, na bayansa in ya matso kusa yana cikin inuwarta, kamar yadda ake ganin jerin tsuntsaye a sama suna canjin jagora. Ya kuma sa aka sauke kaya masu nauyi daga saman kariya aka rataya su ƙasa-ƙasa a gefe biyu daidai wa daida, sai ga keken da jiya yake rawa kamar ɗan maraƙi ya natsu. Aka ƙayyade tashi da an sallame asuba, kafin iska ta farka, a yada zango in rana ta take, a sake hawa bayan la'asar. Ban ce husuma ta ƙare ba. An yi wata a kan wanda yake zuba sukari cokali huɗu daga gwangwanin jama'a. Amma yanzu akwai wanda ake kai wa ƙara.

Kashegari da azahar wata muhawara ta tashi wadda har yau in na tuna sai in yi dariya, ko da yake mas'ala ce ta gaske. Muka tsaya salla, wani ya ce ai mu matafiya ne, sai ƙasaru, tunda tafiyarmu ta zarce mil 48 da littafin Risala ya ambata, kuma mun daɗe da barin gidajen gari. Alaramma ya gyara zama ya ce a dakata. Ya ce malaman Malikiyya sun karhanta ƙasaru ga wanda ya fita don wasa da shagala kawai, to, mu me ya fito da mu? Fatauci muke, ko neman ilmi, ko ziyara? In kuwa shan iska ne, to, iskar ma ga ta muna sha har ta ishe mu, sai mu cika raka'a huɗu. Aka yi ta kai-kawo, wani ya ce ai tafiya cikin ƙasa don a dubi ayoyin Ubangiji a yi tafakkuri abin yabo ne, wani ya ce kai dai tun jiya ba abin da ka duba sai tayar gabanka. Madugu ne ya raba gardama, ya ce yana da gwaggo a Damagaram wadda rabonsa da ita tun yana yaro, kowa ya ƙudurta niyyar raka shi sada zumunci. Alaramma ya yi jim, ya ce niyyar da aka ƙulla a tsakiyar hanya akwai magana a kanta, amma ya ba mu salla raka'a biyu, ya ce sauran bayani sai mun koma wurin malaminsa.

Game da kwana, abin da Holding ya ɗinka hema dominsa bai cika samuwa a ƙasarmu ba. Shi a ƙasarsu baƙo in ba shi da kuɗin masauki sai ya nemi inda zai raɓa. Mu kuwa wahalar da muka sha ita ce ta samun izinin kwana a waje. A wani ƙauye tsakanin Kazaure da Daura muka bi ladabin da ya wajaba a kan kowane baƙo, muka nemi gidan mai gari kafin mu kafa ko turke ɗaya. Madugu ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, matafiya ne mu, muna roƙon a ba mu gefen wata gona mu kafa 'yar rumfarmu zuwa safe." Dattijon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Samari, laifin me garin nan ya yi muku? Ina da zaure, ina da rai, a ce baƙi sun kwana a saura kamar awaki? In labari ya kai ƙauyen gaba, da wane ido zan dube su?" Da ƙyar aka yi sulhu a kan mu kafa hemar a ƙofar gidansa kusa da rumbuna, inda yaran gari suka kewaye ta suna leƙe har aka kore su da tsumagiya. Ba a jima ba ga akushi na tuwon dawa da miyar kuka, ga ƙwaryar fura da nono. Garin rogonmu bai ga wuta ba ran nan. Da na ji labarin wasu samari biyu da suka tashi daga Cape Town a 2010 suka yi wata tara a kan keke har Makka don sauke farali, aka ce sau da yawa masallatai da gidajen mutane ne masaukinsu, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

Dattijon nan ne kuma ya koya mana abin da ba mu sani ba game da sanyi. Ya ga mun shimfiɗa tabarma a ƙasa muna ta jibga barguna a sama, sai ya sa aka kawo damin karan dawa aka shimfiɗa a ƙarƙashinmu, ya ce ɗarin hunturu ta ƙasa yake shiga mutum, wanda ya rufe sama ya bar ƙasa ya yi aikin banza. Ya ce kuma kowa ya kakkaɓe takalminsa da safe saboda kunama. Daren farko haƙoranmu sun kwana suna kaɗawa. Wannan dare kuwa sai kiran assalatu ya tashe mu.

A nan wajibi ne in tsaya in faɗi wata magana marar daɗi. Abin da nake ba da labari ya faru ne lokacin da abin tsoro a hanya bai wuce ƙaya da kare ba. Yau akwai dazuzzukan da ba zan ba ɗan kowa shawarar ya bi su da rana ba, balle ya kwana. Wanda ya yi sha'awar wannan tafiya ya tambayi direbobin hanyar da mutanen garuruwanta kafin ya ɗaura kaya, ya riƙe takardun shaidarsa, ya sauka cikin mutane da sanin mai unguwa, in aka ce masa kada ya wuce, kada ya wuce.

Muka yi hantsi a Daura muka sha ruwan Kusugu, muka ƙetare iyaka a Kwangwalam, inda ma'aikatan ɓangarorin biyu suka fi sha'awar jin dalilinmu a kan ganin takardunmu. Daga nan ƙasa ta fara buɗewa, itatuwa suka yi nisa da juna, sai gawo da aduwa da rairayi, da amalanken shanu, da raƙumi jefi-jefi yana kallonmu da raini. Mai mota yana wuce wannan duka cikin sa'a guda bai san ya wuce kome ba. Mai keke kuwa yana jin yadda gaisuwa take sauyawa daga ƙauye zuwa ƙauye, yana sanin rijiyar da ruwanta ke da daɗi da wadda ke da kanwa, domin a kowace sai ya tsaya. Muka bi ta Matamai, ran kwana na huɗu da yamma muka hango duwatsun Damagaram. Gwaggon madugu kuwa, da aka yi ta tambaya aka kai mu gidanta, ashe a unguwar Zango take, watau inda ayarin fatake da na Azbinawa suke sauka a da, bayan ganuwar Birni. Ta rungume ɗanta tana kuka, sa'an nan ta dubi kekunan, ta dube mu fururu da ƙura kamar an tono mu, ta ce, "Wayyo 'ya'yan nan! Da kun aiko ai da na aika muku da kuɗin mota."

Kwana uku muka yi, muka ga fadar Sarkin Damagaram, muka ci kilishi har muƙamuƙi ya gaji. Da za mu juyo, sai ga ƙaƙƙarfan namu gwiwa ta kumbura, saboda ya yi kwanaki yana danna feda da ƙarfi ƙarƙashin tukunya da kayan jama'a, girman kai kuwa ya hana shi faɗi. Madugu ya yanke hukunci ya bi mota, aka biya masa daga asusu, ba wanda ya yi masa gori, sai auta da ya ce zai riƙa jiransa a kowace mararraba. Muka tashi mu huɗu da asuba, iskar da ta wahalshe mu a zuwa yanzu tana bayanmu tana tura mu kamar uwa, har auta yana waƙa. Wajen walaha, mun kusa Matamai, sai muka ji ƙahon wata babbar mota. Ta wuce mu, ga mutuminmu can ƙoli a kan buhuna, ya miƙe ƙafa, yana ɗaga mana hannu yana dariya, kekensa a kwance kusa da shi. Muka ɗaga masa, muna ta yi masa kirari, har motar ta yi nisa. Sa'an nan Alaramma, wanda ya fi mu kaifin ido, ya taka birki ya tsaya a tsakiyar hanya, ya ce, "Inna lillahi. Madugu, wancan abin da ke walƙiya a jikin kekensa, ba famfonmu ba ne?"